Yadda zuriyar Konfushiyas ta tattara sunan mutum miliyan biyu a kundin salsala guda

A ranar 24 ga Satumban 2009, wata zuriya ta taru a garin Qufu da ke lardin Shandong, a gabashin ƙasar Sin, domin karɓar littafi. Littafin mujalladi 80 ne, mai shafi kimanin 43,000, kuma kusan babu komai a cikinsa sai sunaye: wane ɗan wane, jikan wane. Sunayen sun kai kimanin miliyan biyu, dukkansu kuwa suna tuƙewa ne ga mutum ɗaya, wato malamin nan Konfushiyas, wanda ya rasu shekara 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ƙungiyar dangi ce ta ɗauki nauyin aikin, ta shafe shekara goma tana bin gari-gari da ƙauye-ƙauye tana tambaya, tana kwafe tsofaffin takardu, tana tantance masu cewa su ma 'yan gida ne. Kundin bajinta na Guinness ya amince cewa babu wata salsala a duniya da ta kai ta wannan gida tsawo. Amma abin da ya fi cin lokacin ƙungiyar, kuma ya fi jawo muhawara, shi ne tambayar da kowace zuriya mai neman rubuta asalinta kan ci karo da ita: wa za a sa, wa za a bari, kuma da wace hujja?

Dalilin da ya sa aka kiyaye sunayen

Sunan Konfushiyas na yanka shi ne Kong Qiu, mutanen Sin kuma suna kiransa Kongzi, ma'ana Malam Kong. A al'adarsu sunan dangi ne ke zuwa farko, don haka duk jikokinsa ta wajen uba suna amsa sunan Kong. An haife shi a shekara ta 551 kafin Miladiyya a ƙaramar masarautar Lu, ya yi rayuwarsa yana karantar da ɗa'a, biyayya ga iyaye da adalcin shugabanni. Ɗa namiji ɗaya ya haifa, Kong Li, wanda ya riga shi rasuwa, ya bar ɗa guda mai suna Kong Ji. A lissafin gidan, Konfushiyas ne hawa na farko, ɗansa na biyu, jikansa na uku, a haka ake ta gangarowa.

Bai ga wata ɗaukaka mai yawa ba a rayuwarsa. Bayan ransa ne daraja ta zo. Shekara guda da rasuwarsa aka mayar da gidansa wurin tunawa da shi, kuma a shekara ta 195 kafin Miladiyya, sarkin da ya kafa daular Han ya taka har Qufu ya kai masa ziyarar girmamawa. Kimanin ƙarni ɗaya bayan haka, babban marubucin tarihin nan Sima Qian ya ware babi guda a littafinsa domin gidan Konfushiyas, ya jero jikokinsa hawa-hawa har zuwa zamaninsa.

Da koyarwarsa ta zama ginshiƙin mulki da jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, sai sarakuna suka shiga kyautata wa zuriyarsa. A shekarar 1055, daular Song ta ba babban magajin gidan sarautar Yansheng, wadda aka yi ta gado har shekara 880. Sarautar ta zo da filayen noma masu yawa, 'yan gidan kuma suka samu sassaucin haraji da rangwamen aikin tilas na gwamnati.

A nan ne salsala ta tashi daga abin alfahari ta koma takardar shaida. Wanda sunansa ke cikin kundi yana da haƙƙi, wanda ba ya ciki talaka ne kamar kowa. Saboda haka rubuta sunaye ya zama dole, tsare ƙofa kuma ya zama dole. A cikin shekarun 1080, wani ɗan hawa na 46 mai suna Kong Zonghan ya tattara salsalar ya sa aka buga ta, maimakon dogaro da kwafin hannu da ke bin layin magada kaɗai.

Kong na ciki da Kong na waje

Akwai labarin da gidan ya daɗe yana bayarwa domin nuna dalilin tsananinsa wajen tantancewa. An ce a farkon ƙarni na 10, lokacin da daular Tang ta rushe ƙasa ta rikice, wani mai suna Kong Mo, wanda kakanninsa masu sharar haikali ne da suka ari sunan iyayen gidansu, ya kashe magajin gidan na hawa na 42 ya gaje kujerarsa. Jariri ɗaya ne ya tsira, Kong Renyu, wanda dangin mahaifiyarsa suka ɓoye. Da ya girma aka kai ƙara fada, aka hukunta Kong Mo, aka mayar masa da gadon ubansa. Har yau gidan na kiransa kakan da ya farfaɗo da zuriya.

Daga wannan labari aka samo rabe-raben nan biyu, Kong na ciki, wato jinin malam, da Kong na waje, masu suna kawai. Wasu masana tarihi na zamani suna ganin an ƙawata labarin daga baya, a lokacin da rassan gidan ke jayayya kan sarauta da filaye. Ko yaya gaskiyar take, labarin ya yi aiki na ɗaruruwan shekaru: duk wanda ya zo da sunan Kong sai ya nuna ta inda ya haɗu da gangar jikin bishiyar.

Yaƙi ma ya raba gidan. Bayan faɗuwar babban birnin daular Song a 1127, magajin hawa na 48, Kong Duanyou, ya bi sarki zuwa kudu ya zauna a Quzhou da ke lardin Zhejiang na yanzu. Waɗanda suka ci arewa suka naɗa nasu magajin a Qufu. Sai a zamanin Kublai Khan ne reshen kudu ya sakar wa na arewa sarautar, amma zuriyarsa na nan a Quzhou har gobe, da haikalinsu da nasu takardun.

Dabaru biyu da suka riƙe kundin

Abu na farko shi ne ƙa'idar sabuntawa. Tun zamanin daular Ming gidan ya ɗora wa kansa dokar yin ƙaramin gyara duk shekara 30, da babban gyara duk shekara 60. Hikimar a fili take: a cikin shekara 30 yaro ya zama uba, a cikin 60 kuma dattawan da suka san kakanni sun fara ƙarewa. In aka wuce haka ba a rubuta ba, igiya ta tsinke.

Ba kullum aka cika wannan alkawari ba. Manyan gyare-gyare huɗu aka yi kafin na 2009: ɗaya a shekarun 1620, sai na 1684 wanda shahararren marubucin wasan kwaikwayo Kong Shangren, ɗan hawa na 64, ya jagoranta, sai na 1744, sannan na 1937. Na 1684 ya ƙunshi sunaye kusan 20,000, na 1744 ya haura 100,000, na 1937 kuma ya wuce rabin miliyan. Tsakanin na uku da na huɗu an yi kusan shekara 200.

Abu na biyu ya fi ban sha'awa, wato sunan hawa. Kowane hawa yana da kalma guda da aka tsara masa tun kafin a haifi 'ya'yansa, kuma duk namijin da ke wannan hawa sai an saka kalmar a sunansa. Sarakunan Ming ne suka fara ba gidan jerin kalmomin, daga hawa na 56, aka yi ta ƙarawa daga baya. Hawa na 75 kalmarsa Xiang, na 76 Ling, na 77 De, na 78 Wei, na 79 Chui, na 80 You. Shi ya sa da jin sunan Kong Xiangxi, wanda ya riƙe ministan kuɗin Sin a shekarun 1930, ɗan gida zai san cewa na hawa na 75 ne.

Amfanin wannan tsari ya wuce ado. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya daga arewa ɗaya daga kudu, da sun faɗi sunayensu sun san wa ke matsayin baffa, wa ke matsayin ɗa, ko da ɗan ya girmi baffan da shekara 40. Ga masu tantancewa kuwa, sunayen kakannin mutum tamkar sawun ƙafa ne. Idan sunan ubansa da na kakansa da na kakan-kakansa sun bi jerin daidai, to akwai alamar gaskiya a maganarsa.

Tsohuwar doka ta kuma fayyace waɗanda ba sa shiga: ɗan riƙo, agola, surukin da ya tare a gidan matarsa, wanda ya bar duniya ya shiga zaman zuhudu a gidan ibadar Buddha ko na Tao, wanda ya aikata babban abin kunya, da wanda ya faɗa sana'ar da ake ganin ƙasƙanci ce. Mata kuwa ba a ma kawo zancensu a matsayin masu layin kansu ba.

Shekarun da aka ƙona takardu

Magaji na ƙarshe da ya riƙe sarautar Yansheng shi ne Kong Decheng, ɗan hawa na 77. Mahaifinsa ya rasu a 1919 ya bar cikinsa, ba tare da wani ɗa namiji ba. Da haihuwa ta zo a watan Fabrairun 1920, gwamnati ta tura sojoji suka kewaye gidan, aka zaunar da jami'ai da dattawan dangi a matsayin shaidu, don kada a musanya jariri. Yana da kwana 100 aka naɗa shi. A 1935 gwamnatin jamhuriya ta soke sarautar ta maye gurbinta da muƙamin mai kula da bukukuwan girmama malam.

Da sunansa aka yi babban gyara na huɗu, wanda aka fara a 1930 aka kammala a 1937. Shi ne karo na farko da aka nemi haɗa rassan da ke warwatse a faɗin ƙasar, domin bugun baya sun fi mayar da hankali ne kan gidaje 60 na Qufu. An gama aikin a daidai shekarar da Japan ta ƙaddamar da cikakken yaƙi kan Sin. Kong Decheng ya bar Qufu kafin sojojin Japan su iso, daga bisani ya koma Taiwan a 1949, lokacin da 'yan kwaminis suka karɓi mulki.

Mafi munin lokaci ya zo a 1966, farkon Juyin Juya Halin Al'adu na Mao Zedong. A watan Nuwamban shekarar, matasan da ake kira Jajayen Dakaru suka taso daga Beijing suka dira Qufu. Suka farfasa allunan duwatsu masu ɗauke da rubutu, suka tone kaburbura, har da na mahaifin Kong Decheng. A sassan ƙasar, iyalai da dama sun ƙona littattafan salsalarsu da hannunsu don tsoron abin da zai biyo baya in an same su da su. Wasu suka binne nasu, wasu suka daina saka wa 'ya'yansu sunan hawa. A 1973 da 1974 an sake yin gangamin sukar Konfushiyas a hukumance. Sunan da ya kasance kariya daga haraji ya koma abin ɓoyo.

Lokacin babban gyara na gaba ya kamata ya zo a 1997. Da shekarar ta matso, iska ta riga ta sauya: a 1994 hukumar UNESCO ta sa haikalin Qufu da gidan sarautar da maƙabartar dangin, mai kabari sama da 100,000, cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai babu sauran sarauta, babu filayen da za a ɗauki nauyin aiki da amfaninsu, magajin gidan kuma yana tsallaken teku.

Ƙungiya ta ɗauki aikin sarauta

Wanda ya ɗaga tutar shi ne Kong Deyong, ɗan kasuwa mazaunin Hong Kong, shi ma ɗan hawa na 77 kamar yadda sunansa ya nuna. Bisa al'ada ba a taɓa kundin sai da izinin magaji, don haka ya fara zuwa Taiwan ya nemi yardar Kong Decheng. Da ya samu, aka yi wa ƙungiyar sabunta salsalar rajista a Hong Kong a 1998.

Zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafa aka yi yawancin aikin. Ƙungiyar ta kafa ɗaruruwan rassa a larduna da ƙasashen waje, akasarin ma'aikatanta kuma dattawa ne 'yan fansho da suka ba da lokacinsu. Kuɗin shiga yuwan biyar ne kan kowane mai rai, abin da ko manomi zai iya biya, sauran kashe-kashen kuma masu hali na cikin dangi suka cike. A farkon lamari an sha rufe musu ƙofa. Wasu sun ɗauke su 'yan damfara, wasu kuma, musamman waɗanda suka ga abin da ya faru a 1966, ba su yarda cewa rubuta suna a irin wannan littafi ba zai sake zama laifi wata rana ba.

Hanyar tantancewa ta dogara ne kan takarda. Mai neman shiga zai kawo littafin reshensu, a duba ko sunan kakansa ya haɗu da wani suna a bugun 1937 ko waɗanda suka gabace shi. Inda littafin ya ƙone, sai a koma ga rubutun kan duwatsun kabari, da tarihin gundumomi, da jerin sunayen hawa. Rassan da aka ga alamar gaskiya a tare da su amma aka kasa gano mahaɗarsu, ba a kore su ba, ba a kuma ƙirƙira musu kaka ba. An ware su a matsayin masu jiran ƙarin bincike. A wannan karon an kuma shigar da bayanan cikin kwamfuta, ta yadda gobara ɗaya ba za ta sake cinye aikin ba.

Kong Decheng bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a Taipei a watan Oktoban 2008, saura wata 11 a ƙaddamar da kundin, wanda aka daidaita fitowarsa da cikar Konfushiyas shekara 2,560 da haihuwa.

Ƙofofi uku da aka buɗe

Babban abin da ya bambanta bugun 2009 da na baya shi ne waɗanda aka shigar a karon farko.

Na farko mata. Shekaru fiye da 2,000 'ya mace ba ta da gurbin kanta a kundin, ko da kuwa 'yar magaji ce. Akwai masu ra'ayin riƙau da suka so a bar abin yadda aka gada, amma zamani ya riga ya yanke hukunci: dokar ƙasa ta daidaita maza da mata, kuma tsarin taƙaita haihuwa da aka fara kusan 1980 ya bar gidaje masu yawa da 'ya mace tilo. Barin mata a waje na nufin a rubuta cewa waɗannan gidaje sun mutu alhali 'ya'yansu na raye. An shigar da mata kimanin 200,000. Duk da haka layin gado bai sauya ba, ta wajen uba yake bi, 'ya'yan mace kuma na gidan ubansu ne.

Na biyu waɗanda suka koma wasu ƙabilu ko wani addini, ciki har da Musulmi. A lardin Gansu da ke arewa maso yamma, da Yunnan a kudu maso yamma, akwai iyalan Kong da suka musulunta ƙarnoni da suka wuce, galibi ta hanyar auratayya da Musulmin ƙabilar Hui. Suna sallah, suna azumi, ba sa yin bukukuwan bautar kakanni, amma sun riƙe sunan Kong, da yawansu kuma sun riƙe sunayen hawa. Ƙungiyar ta tsaya a kan cewa kundin na nasaba ne, kuma sauya addini ba ya sauya uban da ya haifi mutum.

Na uku mazauna ƙetare. Mafi girman reshe a waje yana Koriya ta Kudu, inda ake furta sunan Gong. Asalinsu wani ɗan hawa na 54 ne, Kong Shao, wanda ya je Koriya a tsakiyar ƙarni na 14 cikin tawagar gimbiyar Mongol da aka aurar wa sarkin ƙasar, ya zauna can. Sama da mutum 30,000 daga zuriyarsa suka shiga sabon kundin.

Me ya sa aka ƙi gwajin jini?

Ana cikin aikin ne aka kawo shawarar a yi amfani da gwajin ƙwayar halitta ta DNA domin taimakon waɗanda takardunsu suka salwanta. Ƙungiyar ba ta karɓa ba. Akwai dalilai na zahiri. Alamar da ake bi wajen gano layin uba tana jikin maza ne kawai. Babu wani ingantaccen samfuri daga jikin Konfushiyas da za a gwada na kowa da shi. Gwajin kuma ya fi ƙarfin aljihun talakan ƙauye nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da yuwan biyar.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan zurfi. A tsawon hawa 80, ba a rasa riƙon da ba a rubuta ba, da sirrin da aka binne da masu shi. Gwajin jini na iya fitar da mutumin da kakanninsa suka yi shekara 500 suna share kaburburan gidan, ya shigo da wanda bai taɓa jin sunan Qufu ba. Kundin salsala shaida ce ta waɗanda dangi suka sani suka kuma amince da su a kowane zamani, ƙungiyar kuwa ta zaɓi ta ci gaba da zama a kan wannan ma'auni.

Abin da ya rage

Ƙungiyoyin zumunci da ke taruwa bayan Sallah a Kano, Zariya ko Katsina, waɗanda wasunsu suka fara rubuta sunayen kakanni kafin dattawa su ƙare, za su gane yawancin waɗannan matsaloli: reshen da fatauci ya kai wata ƙasa ya ɓace, takardar da gara ta cinye, gardama kan wanda aka riƙa da wanda aka haifa, da batun ko sunan mata zai shiga. Abin da gidan Kong ya nuna shi ne cewa tsawon salsalarsa ya samu ne daga wa'adin sabuntawa, da tsarin suna da kowa ya sani, da ajiye kwafi a hannun rassa da yawa, da kuma yarda a rubuta "ba a tabbatar ba" a inda ba a tabbatar ba.

Aikin ma bai ƙare ba. An ƙiyasta cewa zuriyar ta kai mutum miliyan uku, wato kusan kashi ɗaya cikin uku ba su shiga bugun 2009 ba. Mafi ƙanƙanta a kundin 'yan hawa na 83 ne. Muƙamin magaji yanzu yana hannun Kong Chuichang, jikan Kong Decheng, ɗan hawa na 79 da ke zaune a Taiwan. Idan aka bi tsohuwar ƙa'ida, ƙaramin gyara zai zo a 2039, babba kuma a 2069. Sunayen hawa dai ba za su yanke ba tukuna, domin mahaifin Kong Decheng, kafin rasuwarsa, ya tsara ƙarin kalmomi 20 da suka kai jerin har hawa na 105.